Rawanin Khairpur da faɗuwar Talpur

Duk mai cewa igwar Turawan Ingila ce kaɗai ta rushe daular Talpur, ni dai ban yarda da shi ba. Na daɗe ina bibiyar tarihin wannan ƙabila ta Baloch da ta mulki Sindh, a kudancin Pakistan ta yau, har shekara 60, kuma kullum wuri ɗaya ke tsaya mini a rai: ranar da aka raba wani tsoho da rawaninsa.

Tun farko Talpur mayaƙan sarakunan Kalhora ne, su ke riƙe da takobi, wasu ke kan karaga. Da ƙarfinsu ya fara tsorata fada sai aka kashe shugabansu Mir Bahram Khan, daga baya aka bi da ɗansa Mir Bijar. Tura ta kai bango. A 1783 Mir Fateh Ali Khan ya murƙushe Kalhora a Halani, amma bai rungume mulki shi kaɗai ba. Ya zauna a Hyderabad da ƙannensa uku, Ghulam Ali da Karam Ali da Murad Ali, suna mulki tare, har ake kiran su Char Yar, wato aminai huɗu. Wallahi abin yana burge ni. 'Yan uwa huɗu a kan sarauta ɗaya, ba wanda ya sa wa wani guba! Sauran dangi suka riƙe Khairpur da Mirpur Khas. A 1795 suka karɓi Karachi, suka gina ganuwa a Manora don tsaron bakin teku.

Ba waliyyai ba ne. Sun killace ƙasa mai albarka a gaɓar kogin Indus don farautarsu, manomi na kallo. Turawa sun yi ta yayata wannan, sai dai ba tausayin manomi ne ya kawo su ba, kogin suke so. A 1832 aka yi yarjejeniyar buɗe shi ga fatauci, da sharaɗin ba za a bi da kayan yaƙi ba. Da yaƙin Afghanistan ya taso suka take sharaɗin, suka ratsa da rundunarsu, suka kama Karachi a 1839.

To, ga inda zuciyata ke ƙuna. Mir Rustam Khan na Khairpur tsoho ne tukuf, shi ke da rawanin shugabancin gidan. Ƙanensa Ali Murad ya ƙwallafa rai a kan rawanin, ya kuma gane cewa Janar Charles Napier, kwamandan sojan Turawa a Sindh, na neman wanda zai buɗe masa ƙofa. A Disamba 1842 tsohon ya je wurin ƙanen nasa a ganuwar Kot Diji, ya fito ba rawani. Ya tsere yana cewa tilasta masa aka yi, Napier ya toshe kunne, ya amince da Ali Murad. Wata na gaba Napier ya kutsa cikin hamada ya tarwatsa ganuwar Imamgarh da albarushi, alhali ko shelar yaƙi ba a yi ba. Hatta James Outram, Baturen da ke shiga tsakani, bai goyi bayan yadda Napier ke yi da sarakunan ba.

Saboda haka ranar 17 ga Fabrairu 1843, da aka gwabza da Turawa a Miani, kusa da Hyderabad, gidan ya riga ya tsage. Baloch sun ninka sojan Napier, da ba su kai 3,000 ba, sau da yawa. Daga busasshen kwarin Fuleli suka riƙa tasowa da takobi da garkuwa suna afka wa bakin bindiga, dubbai suka kwanta dama. Ali Murad yana ɓangaren Turawa. Mir Sher Muhammad na Mirpur bai iso ba, sai ranar 24 ga Maris ya yi nasa yaƙin a Dubbo, lokacin an riga an kama sarakunan Hyderabad.

A Dubbo ne Hosh Muhammad Sheedi ya faɗi, kwamanda mai jinin Afirka, wanda har yau mutanen Sindh ke maimaita kirarinsa cewa za su mutu amma ba za su ba da Sindh ba. Rawanin ba na gidansu ba ne, amma shi ya mutu a kansa. Aka kwashe sarakunan zuwa Indiya, can Mir Rustam ya rasu. Zuriyar Ali Murad kuwa ta ci gaba da sarautar Khairpur har 1955.