Wai "ko rijiya bai haƙa ba"

Ana zaman makokin wani bawan Allah, shugaban teloli, amma wani ya samu bakin rubuta cewa "me ya tsinana wa al'umma, ko rijiya bai haƙa ba". Sannu da aiki, malam mai awon alheri. Ashe hidima ba ta cika sai an kafa allo, an rangaɗa suna da manyan baƙaƙe, an kira mai hoto. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana yaye 'ya'yan mutane a sana'a, wai shi ne bai yi komai ba.

Wanda bai taɓa riƙe shago ba bai san abin da yaro ɗaya ke ci wa maigida ba. Watannin farko ba abin da yake kawowa: shara, guga, saka maɓalli, farke ɗinkin da ya karkace. Sai a ɗora shi kan keke ya fara taka layi a guntun ƙyalle. Ya karya allura, zaren ƙasa ya cukurkuɗe don bai iya daidaita shi da na sama ba, ya manta da zuba wa keke mai har ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Kuɗin mai gyara daga aljihun maigida zai fito. Almakashi kuwa sai an jima kafin a miƙa masa, domin ɗinki in ya ɓaci ana farkewa, amma yanka in ya ɓaci yadi ya tafi. Inci ɗaya ya gaza a kafaɗa, maigida ne zai biya yadin, shi zai ba mai kaya haƙuri, wataƙila ma mutumin ba zai sake dawowa ba.

Kuma kun san tsarin marigayin ranar yaye. Ba ya damƙa wa yaro kuɗi, don da zarar sun shiga hannu buƙatun gida za su taso su lashe. Keke yake saya masa, da almakashi, da tef, da dutsen guga. Ya kai shi wurin mai sayar da zare da zif ya tsaya masa a riƙa ba shi bashi, sannan ya dinga tura masa ƙananan ayyuka har ya tara nasa mutanen. Ya kuma matsa masa kan littafi: kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, kafin alƙalami daban. Nan ne sabon tela ke faɗuwa. Ya cinye kafin alƙalamin wannan, ya karɓi na wancan ya toshe, ranar alkawari ta zo babu kaya, suna ya ɓaci tun bai kafu ba.

Wannan ita ce hidimar, jama'a. Ita ce.

Na san za a ce ai aikin banza yake samu daga yaran. Akwai masu bautar da yara, a je a neme su, ba su muke magana ba. Wane mai son kansa ne zai koya wa yaro yanka, ya saya masa keke, alhali ya san gobe yaron zai buɗe shago kusa da shi ya janye masa kwastomomi? Bankin Duniya na cewa ƙanana da matsakaitan sana'o'i su ne kusan kashi 90 cikin 100 na kamfanoni da sana'o'in duniya, kuma sun ɗauki fiye da rabin masu aiki. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2017 ta ware musu ranar 27 ga Yuni. Masu aikin nan ba daga sama suka faɗo ba, wani ne ya jure ɓarnarsu har hannunsu ya faɗa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa abin da ya koyar ya bi shi.

Tunda rijiyar kuke so, ku zagaya ku duba ta burtsatsen da aka buɗe da tafi. Ba a ware kuɗin gyara ba, ba a naɗa mai kula ba. Ruwa ya ja baya da rani, aka bar injin yana juyawa a bushe har ya ƙone, tanki ya tsage, aka kwance kan famfo. Allon dai yana nan daram, har sabon fenti aka yi masa.