Yadi ya san tsawonsa, tiya fa?

Dokar awo da ma'auni ta 1974 ta ɗora cinikin Najeriya a kan kilo da lita da mita, kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya bar hurumin a hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai. Amma shiga kasuwar Jega ka saurara. Da yadi ake yanka shadda, turmin atamfa yadi 6 ne, hatsi kuwa sai tiya.

Akwai masu cewa a hana yadi da ƙarfin doka, kamar yadda aka yi wa tsofaffin ma'aunai a Ingila, inda a 2001 kotu ta kama wani mai kayan gwari a Sunderland, Steve Thoburn, da laifin amfani da sikelin da babu kilo a jikinsa. Ni ban ga abin da wannan zai ƙara wa talakan Kebbi ba. Yadi santimita 91.44 ne, a Jega ko a Kamba. Baƙon da ya ƙetaro daga Gaya ta Jamhuriyar Nijar, wanda ya saba da mita, tef ɗin tela ya ishe shi warware lissafi.

Tiya ce abin kuka. Na ga kwanon da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, ka kalle shi ta sama ka rantse cikakke ne. Na ga mai awo da kwano biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, duk sunansu tiya. Uwar marayun da ta auno gero ba za ta gane an tauye ta ba sai tukunya ta gaza kai yara. Haka manomin fadamar Argungu: ya kawo shanshera, ɗan kasuwa ya danna buhu har ya ɗinka masa hula, kuɗin kuwa na buhu ɗaya. Malamai sun sha karanta mana Suratul Muɗaffifin, amma wa'azi na bukatar ma'aunin da za a kafa hujja da shi.

Kada a kashe tiya, mutane da ita suka saba. A dai tsayar da cikinta da lita, tunda nauyin gero da na shinkafa ba ɗaya ba ne, a buga wa kowane kwano hatimin jami'an awo na ma'aikatar ciniki ta tarayya. A ajiye kwano guda na gwaji da sikeli a rumfar sarkin kasuwa, duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je ya sake aunawa kyauta kafin ya ɗaure buhunsa.