"Zamanin da" ma ai tafiya yake yi

Kwanan nan na ji wani saurayi da ko talatin bai cika ba yana rantsuwa wai duniya ta daina daɗi tun 2012, wai a lokacin ne waƙa take waƙa, mutane suke da kirki, komai a natse. Dariya ta kama ni, don 2012 ɗin nan fa da wayona na gan ta, kuma na tuna sarai manyan lokacin kuka suke wayar hannu ta gama da yara, su a dawo musu da shekarun 1980. Su kuma waɗanda suka manyanta a 1980 ɗin, ka je ka duba abin da suka rubuta, talabijin suke tsinewa suna begen 1950. To wai yaushe ne ainihin zamanin da?

Ni dai a ganina ba shi da mazauni. Bin mu yake a baya da tazarar shekara ashirin zuwa talatin, muna matsawa yana matsowa, kuma wanda duk ya kai shekarun riƙe kuɗi da makirfo shi ke nuna wa sauran inda yake.

Ita kanta kewar baya da can ciwo aka ɗauke ta. A 1688 wani ɗalibin likitanci a jami'ar Basel, Johannes Hofer, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, komawa gida da raɗaɗi, ya fitar da kalmar nostalgiya, don ya sa wa abin da ke kwantar da 'yan Suwizalan da ke nesa da gida suna, musamman sojojin haya, mutum ya daina ci ya daina barci ya yi ta ramewa. Har lokacin yaƙin basasar Amurka likitocin soja suna rubuta ta a matsayin cuta, dubban sojoji aka ce sun kamu. Amma ka lura, su wuri suke kewa, kuma wuri ana iya komawa, a ba soja hutu ya je gida ya warke. Mu kam lokaci muke kewa, shi kuwa babu motar da ke zuwa can.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano wani abu da kowa zai iya gwadawa a kan tsohon da ke kusa da shi. In ka ce wa ɗan shekara saba'in ya ba ka labarin rayuwarsa, yawancin abin da zai zubo daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 zai fito, kamar wani tudu ne a tsakiyar tunaninsa. Kuma ba abin mamaki ba ne, a nan ne aka yi soyayyar farko, tafiyar farko, albashin farko, gwiwa ba ta ciwo, iyaye na raye, wani ne ke kwana da tunanin kuɗin haya ba kai ba. Saboda haka in mutum ya ce 1985 ta fi, ni abin da nake ji shi ne "ina da shekara sha tara a 1985". Gaskiya ya faɗa, ya ji daɗi, kuskurensa kawai ladan ƙuruciyarsa ya ɗauka ya ba kalanda.

Akwai wani bincike da Adam Mastroianni da Daniel Gilbert suka wallafa a mujallar Nature a 2023 da nake so ƙwarai. Sun tattara ƙuri'un jin ra'ayi na kimanin shekara 70 daga ƙasashe aƙalla 60, ko'ina amsa ɗaya, wai tarbiyya ta lalace, mutunci ya ragu. Amma in aka tambayi mutane yadda aka mu'amalance su a 'yan kwanakin nan, amsar kusan ba ta canza ba duk tsawon shekarun. Wurin da ya fi ba ni dariya, da aka ce to yaushe lalacewar ta fara, kowa sai ya kai ta wajajen shekarar da aka haife shi. Ɗan saba'in ya ce shekara saba'in kenan, ɗan talatin ya ce talatin. Wato kowa duniya lafiya lau take sai da ya iso.

Sai kasuwa, don ita ba ta barci. Yaron da ya yi ƙuruciya a wani zamani, bayan shekara ashirin da 'yan kai shi ne darakta, shi ne furodusa, shi ne manajan talla, kuma sa'o'insa su ne masu albashin da za su saya. Shi ya sa a shekarun 1970 finafinai da shirye-shiryen talabijin na Amurka suka cika da samarin 1950 da motocinsu da askinsu, a 1990 aka dawo da wandunan 1970 masu faɗin ƙafa, wajajen 2016 kuma komai ya koma 1980. Nokia 3310 ta fito a 2000, aka sayar da sama da miliyan 120, a 2017 sai ga ta an sake fito da ita da wasan macijin nan nata, shekara sha bakwai cif, daidai lokacin da yaran da suka fara taɓa ta suka zama masu aljihu. Faifan garmaho da aka riga aka yi wa jana'iza, a 2022 an sayar da kusan miliyan 41 a Amurka, CD kuma miliyan 33, rabon da garmaho ya wuce CD tun 1987. Ban ce duk yaudara ba ce, sautin na da daɗi, amma kada wani ya ce min kewar ce kawai ta taso da kanta ba wanda ya yi mata fanka.

Abin da ya fi ɗaure min kai su ne masu kewar abin da ba su gani ba. Yanzu 'yan shekara sha takwas ke neman ƙananan kyamarorin dijital na farkon shekarun 2000, masu hoto dishi-dishi, irin waɗanda muka jefar da murna ranar da waya ta fara ɗaukar hoto mai kyau. Carol Krumhansl ta jami'ar Cornell ta yi wani gwaji da aka buga a 2013, aka kunna wa ɗalibai waƙoƙin da suka yi tashe daga 1955 zuwa 2009, sai aka ga ban da na zamaninsu, suna da wani shauƙi na daban ga na farkon shekarun 1980, lokacin ba a ma haife su ba, lokacin samartakar iyayensu ne, abin da aka yi ta kunnawa a gida da cikin mota suna ƙanana. Ashe kewa ma ana gadonta. Sai dai wanda ya gada kayan adon kawai yake samu, waƙar da rigar da launin hoton, bai san layin da aka bi ba, bai san fargabar da aka kwana da ita ba.

Don tuna baya rariya gare shi. Ɓacin rai ya fi saurin dusashewa a ƙwaƙwalwa fiye da farin ciki, wannan ma an gwada an gani. Sannan a cikin dubban waƙoƙin da aka yi a shekara, goma masu kyau ne ke tsira, sauran shirmen ya bi ruwa, sai mu zo mu ɗora goman nan a sikeli da duk tarkacen bana mu ce ka gani ko. Ga kuma wadda ba a son faɗa, masu ba da labarin zamanin da su ne waɗanda suka rayu. A 1990 yara sama da miliyan 12 ne suka mutu a duniya kafin su cika shekara biyar, a 2022 adadin bai kai miliyan 5 ba. Agana sai a 1980 aka sanar an kawar da ita. Waɗancan yaran ba sa nan balle a tambaye su ko zamanin da ya fi yanzu.

Kar kuma a ce na mayar da kowa mai mafarki. Wani lokacin da ɗin ta fi, ba wasa. A 2017 cibiyar Pew ta tambayi mutane a ƙasashe 38 ko rayuwa ta fi ta shekara 50 baya. A Biyetnam kashi 88 cikin ɗari suka ce yanzu ta fi, ai dole, 1967 ruwan bama-bamai ake musu. A Benezuwela kashi 72 suka ce ta fi muni, su ma ba ƙarya suka yi ba, tattalin arzikinsu ya ruguje a gabansu. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, haka ne, kuma wani banar ce da gaske ta yi masa ɗaci. Faransawa ba su kira shekarun kafin 1914 "kyakkyawan zamani" ba sai da yaƙi ya nuna musu abin da ya fi shi muni. Inda nake ja da baya shi ne in ɗan siyasa ya hau mumbari ya ce zai mayar da mu zamanin da. Wane daga ciki? Na wa? A Jamus ta Gabas bayan rushe katangar Balin a 1989 an samu masu kewar tsohon tsarin, aikin yi tabbas, haya mai sauƙi, har motar Trabant da sai ka jira sama da shekara goma kafin ta zo hannunka ta zama abin so, yanzu 'yan yawon buɗe ido ke hawa suna hoto. Amma wanda 'yan sandan ciki na Stasi suka buɗe wa fayil, maƙwabcinsa na kai rahotonsa, shi ma a zamanin ya rayu.

Kuma kowane zamani akwai ranar da masu kewarsa ke ƙarewa. Florence Green, ta ƙarshe da aka sani cikin waɗanda suka yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta rasu a 2012 tana da shekara 110. Yau ba wanda zai yi ajiyar zuciya ya ce kai 1910, sai dai a ɗinka kayan a yi fim. Shekarun 1950 sun kama hanyar nan, 1960 na biye, masu riƙe da su yawancinsu sun haura saba'in.

Wanda ban san yadda zai kaya ba shi ne na yaran yanzu, don su komai nasu a ajiye yake, bidiyo, saƙo, har faɗan da aka yi da ƙarfe biyun dare. Da na ɗauka hakan zai kashe kewa, tunda ga shaida, ba damar ƙari. Sai na tuna tun 2015 Facebook ya fara turo wa mutane abin da suka sa a rana irin ta yau shekarun baya, kuma da aka yi ta ƙorafin yana tono tsohuwar budurwa da mamaci, sai aka nuna wa kowa wurin da zai rubuta sunan mutum ko kwanan watan da ba ya so a tuna masa. Ni kaina na sa suna biyu a wurin.