Yadda Mai Unguwa Ya Faɗa Rijiya Yana Zaune a Zaurensa

Ƙanen matata ne ya jawo mana. Ya dawo daga karatu a Dakar da wani littafi mai kauri da ƴar jakar ƙyalle, ya tarar da mu a fada muna buga beloti kamar yadda muka saba tun muna samari, ya ce wai mun tsufa a kan wasa ɗaya. Ya zazzage jakar a tabarma. Ƴaƴan ludo ne, amma ban taɓa ganin irinsu ba: mai fuska 4, mai 6 da kowa ya sani, mai 8, mai 10, mai 12, sai babban yayansu mai fuska 20, wanda in ka jefa shi sai ya yi ta gangarawa har ƙarƙashin murhun shayi.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974, wato ya girme ni. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kuma kowa na da gwarzonsa a rubuce a takarda: ƙarfinsa kaza, zafin namansa kaza, juriya, basira, hikima, kwarjini. In ka ce gwarzonka zai haura katanga, ba a ɗaukar maganarka haka nan. Sai ka jefa mai fuska 20, a haɗa da lambar da ke takardarka. Ta kai abin da mai labari ya yanka, ka haura. Ba ta kai ba, ka faɗo. Tatsuniya ce dai, sai dai Gizo na zaune gabanka yana yi maka gardama.

Da yake ni ne mai surutu, aka ɗora mini ba da labari, aka raɗa mini Madugu. Gidajen sarakunan Turawa da ƙanƙarar da ke cikin littafin ba su shige ni ba, sai na kwaso labarin na kawo shi gida: ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, ta Fashi, da wani tsohon birni da rairayin Tenere ya binne da dukiya a ciki. Telan kartiyenmu ya ɗauki mayaƙi mai takobi. Majo, wanda yake wuni yana yi wa mutane allura a asibiti, ya ce shi ma a wasa ba zai warkar da kowa ba, maharbi yake so. Malamin lissafi kuwa, mutumin da ke tsayawa sahun farko a masallaci, shi ya zaɓi ɓarawo, kuma ya iya har abin ya fara ba ni tsoro.

Ranar Asabar da dare muke yi, a gidana da ke Bukoki. Wani dare cikin watan Afrilu, zafin Yamai ya kai inda ya kai, ga shi an ɗauke wuta, sai muka fito da tabarma tsakar gida, jikin katangar da ta raba mu da Hajiya maƙwabciyata. Na kafa kwalin madara a gabana don kada su leƙa takarduna, na dasa tocila a tsakiya, na shimfiɗa taswirar da na zana da bik ja. A labarin, sun iso gidan wani attajiri da ya sace musu raƙuma.

"Mai gadin ya yi barci?" in ji Malam.

"Yana gyangyaɗi," na ce.

"To ni zan bi ta baya in shaƙe shi. Tela, kai ka tsare ƙofa. In matar gidan ta farka, Majo ya san abin yi."

"Zinariyar tana ina?"

"Ƙarƙashin gadon tsohuwar."

Tela, wanda ba ya iya magana a hankali ko a wurin gaisuwar mutuwa, ya buga cinya ya ce, "Wallahi yau sai mun kwashe ta tas, raba daidai!"

A daidai nan muka ji wani ƙaramin motsi a bayan katanga, kamar an yi tuntuɓe da buta. Muka ce mage ce. Na manta shaf cewa Hajiya kan fito da katifarta waje lokacin zafi, kuma duk unguwa an san ta dawo daga Makka da awarwaro.

Washegari ko kunu ban sha ba, yaro ya yi sallama, wai mai unguwa na kira, ni da abokaina, mu zo da "kayan aikinmu". Muka tarar da zaure cike. Hajiya na gefe, ta ɗaure wani ƙullin zane a ƙugu, ta riƙe shi da hannu biyu. Ɗanta na tsaye yana cewa a wuce komisariya kawai.

Muka durƙusa muka yi gaisuwa. Mai unguwa ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, na san mahaifinka. Me nake ji haka?"

"Ranka ya daɗe, wasa ne."

"Wasa. Da shaƙe mai gadi."

"Mai gadin ba ya nan, Baba. A baki yake kawai."

"Ƙarƙashin gadon tsohuwa fa?" in ji Hajiya. "Tsohuwa nawa ce a layin nan? Ni na yi maka wankan jego da matarka ta haihu, ɗan nan!" Ta rikice har ta ba ni jegon, amma ba wanda ya yi dariya.

Na zazzage jaka. Zaure ya yi tsit. Wani dattijo ya ja da baya yana a'uziyya, ya ce wannan ai kayan duba ne, ga ma hatimi an zana da jan tawada. Na ce taswira ce. Mai unguwa ya ɗauki mai fuska 20, ya jujjuya shi.

"Caca ce ke nan. Nawa kuke zubawa?"

"Ko dala, ranka ya daɗe."

"To wa ke ci?"

"Ba mai ci. Tare ake yi, a tsira tare ko a mutu tare."

Nan fa fuskarsa ta ƙara ɗaurewa. Da caca ce, ya san hukuncinta. Da sata ce, ya san inda zai tura mu. Amma magidanta huɗu masu furfura su kwana a tabarma, ba kuɗi, ba mai ci, ba mai faɗuwa, wannan bai taɓa zuwa gabansa ba. Ya ce a yi a gabansa ya gani.

Na ari takarda na zana masa gwarzo nan take, na cika masa kwarjini don neman sassauci. Na gyara murya na ce ga shi a bakin wata tsohuwar rijiya a hanyar Fashi, ayari na fama da ƙishirwa, guga ya tsinke, akwai igiya ɗaya. Me zai yi?

"Sai in sa yaro ya sauka."

"Ba yaro, Baba. Kai kaɗai ne."

"To, ni ma na yi tashe. Na sauka."

Ya jefa. Abin ya gangara, ya bugi takalmin Hajiya, ya tsaya a kan 1. Malam, maimakon ya yi shiru, sai ya matso ya fara bayani cewa wannan sau ɗaya ne cikin ashirin, kashi 5 cikin ɗari, ba ƙaramin rashin sa'a ba ne. Na taka masa ƙafa. Amma Madugu ba ya ƙarya a kan jifa, ko a gaban hukuma. Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, igiya ta kuɓuce. Ka faɗa. Rawaninka ya maƙale a bakin rijiya."

Hajiya ce ta fara fashewa da dariya, har ƙullin ya yi ƙara.

"Ban yarda ba," in ji mai unguwa. "Ya taɓa takalmi. Jifan da ya taɓa takalmi ba jifa ba ne."

Na buɗe baki zan ce littafin, mai shafi sama da 300, bai faɗi haka ba. Majo ya zungure ni. Aka sake. Ya samu 17, ya fito daga rijiya da ruwa, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya sai ka ce ya dawo da takobin kokowa. Dattijon mai a'uziyya ya matso yana tambaya ko raƙuman sun sha.

Aka sallame mu da sharuɗɗa biyu: a daina kashe mutane bayan sallar isha, kuma ɗan ludon zai kwana wurinsa a matsayin shaida. A ƙofa Hajiya ta ja ni gefe, ta ce in ba damuwa in jefa mata sau ɗaya a kan wani mai neman autarta. Na rantse mata ba ya duba. Ta ce ta sani, in dai jefa.

Asabar ta zagayo, muna shirin yin maneji da mai fuska 12, sai ga sallama. Mai unguwa ne, da kujerarsa a kan yaro da shaida a aljihu. Ya ce gwarzonsa ya samu sarauta a cikin mako, saboda haka duk zinariyar da aka tono a ƙasarsa, ushiri nasa ne. Malam ya ce ɓarawonsa zai ɓoye rabonsa a cikin wando.

"Jefa mu gani," in ji Baba.