Dattijon da Ba Shi da Kowa, Haƙƙinsa Yana Wuyan Wa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ’yan’uwa Musulmi.

A hunturun da ya wuce, bayan an idar da sallar asuba a wani masallaci da ke Tudun Wada a Kaduna, na tarar da wani dattijo kwance a baranda a kan kwali, ya lulluɓa da bargon da ba ya rufe masa ƙafafu, dugadugansa sun yi faso har suna jini. Na durƙusa na ce, “Baba, ina kwana, yaya sanyi?” Ya ce, “Lokacinsa ne, ɗana.” Da hira ta yi nisa na fahimci cewa a masaƙa ya ƙarar da ƙarfinsa a Kakuri, matarsa ta rasu, Allah bai bar masa ɗa a raye ba, kuma ƙauyen da ya baro tun yana saurayi babu sauran wanda zai gane shi a can.

Irinsa suna da yawa a garin nan, kuma akwai dalili. Kaduna gari ne na zuwa: tun da Turawa suka mayar da ita hedikwatar Arewa a 1917 mutane suke kwararowa saboda aikin gwamnati da na jirgin ƙasa da na soja, daga baya kuma saboda masaƙun da suka fara aiki tun daga 1957. Wanda ya zo neman abinci ya baro babban gidansu a baya, inda tsoho ba ya rasa jikan da zai miƙo masa buta, to da aka rufe masaƙun sai tsufa ya riski wasu a ɗakin haya, babu aiki, babu dangi a kusa.

Na san da zarar an ambaci gidan kula da tsofaffi wasunmu za su ce al’adar Turawa ce, kuma abin kunya ne Bahaushe ya kai mahaifinsa inda baƙi za su riƙa yi masa wanka. A kan wanda yake da ’ya’ya masu hali ina tare da su ɗari bisa ɗari, domin a aya ta 23 ta Suratul Isra’i Allah Maɗaukakin Sarki cewa Ya yi idan ɗaya daga cikin iyayenka ko dukansu biyu suka kai ga tsufa “a wurinka”, kada ka ce musu ko da “tir”. A wurinka Ya ce, ba a wurin wani ba. Amma wanda bai haihu ba fa, ko wanda ya binne ’ya’yansa da hannunsa? Wannan haƙƙinsa ya dawo wuyan al’umma, idan wasu suka ɗauke an sauke wa kowa, idan kuwa aka bari laifin na duk wanda ya sani ne kuma yake da iko. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya sa aka yanka masa abin da zai ishe shi daga Baitulmali, yana mai cewa ba a yi masa adalci ba idan aka ci moriyar ƙuruciyarsa sannan aka wofintar da shi da ya tsufa. Idan wannan shi ne haƙƙin wanda ba Musulmi ba, ina ga wanda muke sahu ɗaya da shi sau biyar a yini?

Kafa irin wannan gida ba sai an jira attajiri ya gina katafaren bene ba. Hasali ma bene wahala ne ga mai ciwon gwiwa. Ɗakuna huɗu a ƙasa, ɓangaren maza daban da na mata, da ruwa da banɗakin da aka sa masa abin dafawa, sun isa a fara. Abin da yake kashe ayyukan alheri a wurinmu shi ne dogaro da karo-karon watan azumi, alhali tsoho yana cin abinci a sauran watanni 11. Maganin wannan shi ne waƙafi, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shawarci Umar game da gonarsa ta Khaibar, ya riƙe asalinta ya sadaukar da amfaninta. Shago biyu ko uku da aka yi waƙafinsu, kuɗin hayarsu na shiga gidan kowace shekara, sun fi taron neman gudummawa goma. A yi rajista da hukuma, a naɗa amintattu, a rubuta shige da ficen kowace naira, kuma kada a karɓi kowa sai mai unguwa da liman sun tabbatar ba shi da mai riƙe shi, don kada gidan ya zama mafakar ’ya’yan da suke gudun nauyin iyayensu.

Hidimar kanta ta fi ginin wuya. Wanda haƙoransa suka zube kunu da fate da tuwo mai laushi yake buƙata, mai ciwon suga kuma ba a haɗa masa kwano da kowa. Ana buƙatar ma’aikaciyar jinya da za ta riƙa auna hawan jini tana tabbatar da an sha magani a kan lokaci, sannan wanda ya kwanta ba ya tashi sai ana juya shi kusan kowace awa 2, in ba haka ba fatar bayansa ta zama gyambo. Mace ce za ta yi wa mace wanka, namiji ya yi wa namiji, a sakaya ƙofa, a suturta al’aura, domin tsufa ba ya ɗauke kunya. Tsohuwar da gigin tsufa ya kama, ta tambaye ka sunanka sau goma, cuta ce take damunta, kuma zalunci ne babba a jefe ta da maita kamar yadda ake yi a wasu wurare. A taimaka wa mai rauni ya yi alwala ko taimama, a tuna masa cewa Annabi ya gaya wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. A kuma samu masu zuwa su zauna su yi hira da su, saboda sau da yawa kaɗaici ya fi yunwa karya tsoho.

Maƙwabta sun haɗa kuɗi sun kama wa dattijon nan ɗaki, matan layin suna aika masa abinci bi da bi, amma ɗaki ɗaya ne, kuma barandar masallatai da yawa ba ta rabu da masu kwana ba. Ranar da muka kai shi na tambaye shi ko akwai abin da yake so a ƙaro masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ciro wani ƙullin leda daga ƙarƙashin bargonsa, ya ce likkafaninsa ne ya saya tun yana da ƙarfi, yana roƙon a ajiye masa a wurin liman, kuma a faɗa masa sunan wanda zai wanke shi.