Kuɗin ƙungiya da ake yanka mana kafin mu ga albashi

Jama'a salamu alaikum. Yau maganar malaman makaranta zan yi, mu ticocin gwamnatin Ghana, kuma na san wasu abokan aikina a nan Kumasi ba za su ji daɗi ba, to sai dai a yi haƙuri.

Duk ƙarshen wata kafin alat ya shigo waya, ofishin Kwanturola a Accra, mai biyan albashin ma'aikatan gwamnati, ya riga ya gama rabon albashinka. An cire haraji, an cire kaso 5.5 na fansho, an cire kuɗin ƙungiya, in kana da bashin asusun malamai ko na banki shi ma an zare, abin da ya saura shi ne naka da mai gida da mai trotro (motar haya) da kuɗin wuta. Haraji da fansho ba ni da ta cewa, doka ce. Amma kuɗin ƙungiya fa? Kundin tsarin mulkin 1992 a sashe na 24 ya ce kowane ma'aikaci yana da 'yancin ya kafa ko ya shiga ƙungiyar ƙwadagon da ya ga dama, dokar ƙwadago ta 2003 ma haka ta faɗa. Wanda ya ga dama aka ce. To ku tambayi sabbin malaman da aka turo makarantunku mutum nawa ne a cikinsu ya zauna ya zaɓa, ya cike fom da hannunsa ya ce ni nan nake so.

Akwai wata yarinya da aka turo mana daga kwalejin horon malamai, ta yi wata da watanni tana koyarwa ba ko sisi saboda lambar ma'aikaci ba ta fito ba, kullum daga Sawaba take hawo mota da kuɗin da babarta mai sayar da koko ke ba ta. Ranar da takardar albashinta ta farko ta fito ta kawo min wayar a ɗakin malamai ta ce, "Baba Ticha, wannan layin na mene ne?" Na ce kuɗin ƙungiya ne. Ta ce wace ƙungiya, ni yaushe na shiga? Wallahi na rasa amsar da zan ba ta. Duk watannin da ta yi tana cin bashi ba wakili ko ɗaya da ya leƙo ya tambayi yadda take, amma albashin na sauka sunanta ya riga ya shiga littafi.

Kar wani ya ce ni maƙiyin ƙungiya ne. A'a. Ni na ga amfaninta da idona. A watan Yuli na 2022 lokacin da kaya suka yi tashin gwauron zabi, ƙungiyoyin malamai da ma'aikatan ilimi, wato GNAT da NAGRAT da CCT da TEWU, suka ajiye alli suka ce sai an ba da alawus na tsadar rayuwa kaso 20, aka rufe makarantu, gwamnati ta yi ta kame-kame, a ƙarshe aka tsaya a kan 15, kuma ba malamai kaɗai suka ci ba har sauran ma'aikatan gwamnati. A Disambar shekarar hauhawar farashi ta haura kaso 54, a 2023 aka ƙara kaso 30 a tushen albashi. Wa zai ba ka wannan in kai kaɗai ka je ka tsaya a ƙofar ma'aikatar kuɗi? Ko mai gadi ba zai saurare ka ba. Tun da aka shigo da tsarin albashi na bai ɗaya a 2010 komai a teburi ake yanke shi da hukumar daidaita albashi, wanda ba shi da kujera a teburin nan sai dai ya ji a rediyo. Saboda haka masu cewa a rushe ƙungiyoyi kowa ya riƙe kuɗinsa, ban bi ku ba sam, kuma ku je ku tambayi malaman makarantun kuɗi da ke cikin lungunan Aboabo da Asawase nawa ake biyansu da wa suke kai wa kuka in mai makaranta ya riƙe musu albashin wata biyu.

Abin da ke damuna daban ne. Kuɗin da ke zuwa da kansa duk wata, ba ka roƙa ba, ba ka yi bayani ba, yana sa mai karɓa ya manta fuskar mai bayarwa. Ku dubi mai susu a Kejetia, kullum sai ya zo da ƙafarsa ya gaishe ki ya rubuta a kati kina gani, ƙarshen wata ya ɗauki zubin rana ɗaya ladansa ya miƙo miki sauran, ranar da kika ga ba daidai ba kin daina zubi shike nan, shi ya sa yake lallaɓa ki. Shugaban ƙungiya kuwa ko ya zo ko bai zo ba, ko ya yi bayani ko bai yi ba, kuɗin na shiga asusu tun daga Accra. Kuma da yake abin yana tafiya ne da girman albashi, duk ƙarin da aka yi mana su ma an yi musu. Wannan ba laifi ba ne a kansa, har yana iya sa su dage wajen nema mana ƙari, amma fa yana nufin asusun yana ƙiba ko da mu muna ramewa, don ƙarin kaso 10 na 2025 bai kamo abin da tsadar shekarun baya ta cinye ba, kowa ya je kasuwa ya sani.

Maganar laftof ita ce ta fi nuna min inda ciwon yake. A 2021 aka ƙaddamar da shirin kowane malami da kwamfutarsa, gwamnati ta ɗauki kaso 70 malami ya biya 30, shugabannin ƙungiyoyi suka amince a madadinmu, sai kawai muka ga an zare sidi 509 da ɗoriya daga alawus ɗinmu na ƙaro ilimi, wanda dama sau ɗaya ake ba da shi a shekara. Wani yana da laftof ɗinsa tun tuni, wani abin da yake buƙata a lokacin kuɗin haya ne, ba wanda aka tambaya. Sannan da yawa suka biya ba su ga kaya ba, har a watan Maris na 2024 rashin raba kwamfutocin nan yana cikin dalilan da aka sake shiga yajin aiki. Wato mu aka yanka, mu aka hana, mu kuma aka kira mu fito yaji a kan yarjejeniyar da ba a nemi shawararmu ba, yaran talakawa suka zauna a gida suna yawo a layi. Wannan wace irin lissafi ce?

In ka yi magana sai a ce ai akwai taron wakilai, akwai zaɓe daga reshe zuwa gunduma zuwa ƙasa, ka zo mitin mana. Gaskiya ne akwai, kuma mu ma malamai muna da namu sakacin, ranar raba atamfa ko tishat ne kawai ake cika ɗaki. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kai da ka karɓi kuɗina tun ban taɓa shi ba, kai ne ya kamata ka biyo ni da lissafi a rubuce, nawa ya shigo daga gundumarmu bana, nawa ya tafi taro da otal da mota, nawa ya dawo wa malamin da ya kwanta asibiti. A manna shi a allon sanarwa na kowace makaranta ko a tura ta WhatsApp, ai ba wuya. Sabon malami kuma a bar shi ya sa hannu da kansa kafin a fara yanka, wanda yake so ya fita ko ya koma wata ƙungiya a sauƙaƙa masa, ba ya yi ta rubuta wasiƙa yana zarya ofis ofis ana ce masa ya dawo wani mako ba. Ƙungiyar da ta san tana aiki me za ta ji tsoro? Ni dai in aka ba ni fom gobe zan sake cikewa da son raina.

Sai wani abu da ya shafe mu 'yan zango musamman. Tun 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, makarantunmu suka shiga tsarin gwamnati, amma har yau malaman Arabiyya da yawa da muke shiga aji ɗaya da su ba sa cikin albashin gwamnati, sai ɗan alawus da ke zuwa yau ya ɓace gobe ko abin da iyaye suka tara. Ba a yanka musu kuɗin ƙungiya don ba albashin da za a yanka, shi ya sa ba kasafai ake jin sunansu a takardun buƙatu ba. Mu da ake yanka wa, mu musulmin da ke cikin ƙungiyoyin nan kuma muna da yawa, mu ne ya kamata mu kai maganarsu teburi. A mitin ɗin reshe mai zuwa zan tashi da ita tare da maganar lissafin, wanda ke koyarwa a ɓangaren Asokore Mampong kuma yake ganin haka ya zo mu zauna layin gaba, don in mutum ɗaya ne ya ɗaga hannu shugaban taro sai ya ce lokaci ya ƙure.