Kaset ɗaya ya rage daga orkes ɗin unguwarmu

A Tawa, duk wanda ya ba shekara arba'in da biyar baya yana da labarin katangar gidan matasa. Ni dai daren Asabar nake tunawa: ba ko dala a aljihuna, na ɗare katanga gwiwa duk a goge, ina leƙen orkes ɗin unguwarmu. Su bakwai ne. Akwai mushen lakwal, akwai tela, akwai mai gyaran babur, sauran ƴan buga-buga. In mai jitar gaba ya taka wata ƴar akwati da ke gabansa, sai sauti ya shaƙe ya koma gurnani, mai ganga ya bi shi da kiɗan da kakanninmu na Adar suka sani, ƙura ta turnuƙe fili.

Ba wanda ya yi shelar mutuwar orkes ɗin. Ɗaya ya tafi biɗa Abijan, ɗaya aka yi masa canjin wurin aiki, ɗaya ya dawo daga Makka ya rataye jita. Shi ke nan.

Watan jiya na tarar da mai jitar bas ɗinsu a bakin kasuwa yana gyaran rediyo. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, ina kaset-kaset ɗinku?" Ya yi dariya, ya jawo wani tsohon gwangwanin madara, ya fiddo kaset ɗaya da rubutun jikinsa ya dushe. Ya zura biro yana naɗe zaren da ya zazzago, ya ce, "Ɗana, wannan kaɗai ya rage. Shi ma wani ne ya ɗauka da rediyonsa a wurin biki."

In ana wannan hira, kowa piyano da kwamfuta yake ɗora wa laifi. Da gaskiyarsu: mai biki ba zai ciyar da mutum bakwai ba alhali yaro ɗaya da lasifika biyu zai raba masa dare. Sai dai ni a ganina piyano gawa ya tarar. Irin waɗannan ƙungiyoyi a inuwar gwamnati suka girma. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, Samariya da bukukuwan matasa na ƙasa su ne dandalinsu. A shekarun 1980 aka fara gasar kiɗa ta Dan Gourmou, daga baya aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. An samu fage, an samu tafi, amma kasuwa ba ta kafu ba. Da baitulmali ya bushe, kuma aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, tsirkiyar jita da ake shigowa da ita daga waje ta fi ƙarfin tela da makaniki.

Mu masu kewar nan ma ba mu fita ba. Mu ne masu hawan katanga, mu ne masu aron kaset mu kwafa, kuma iyayenmu da suka taka rawa a gabansu su ne suka hana su auren ƴaƴansu, wai maroƙa ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ajiya. Dubi Azna de l'Ader, ƙungiyar mai jita Mona, wanda ake kwatantawa da shahararren mai jitar Amurka Jimi Hendrix. Tun shekarun 1970 suke kaɗa rok a Tawa, amma sai da kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland a Amurka ya fitar da faifansu a 2017 sannan duniya ta ji su. Haka mai piyano Mamman Sani: kiɗan da ya ɗauka a 1978, wanda muka sha ji tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin ba tare da mun tambayi mai shi ba, kamfanin nan ne ya sake fitar da shi a 2013. Ban ga laifin baƙo ba, abin da muka yar ya tsinta. Yau mai jita Mdou Moctar, ɗan jihar nan, yana cika dandali a Turai da Amurka, muna ta alfahari, amma yaran da ke saurarensa a waya ba su san an yi wasu kafinsa ba.

Za a ce ƙasa na fama da tsaro da tsadar cimaka, wa ke ta tsohon kiɗa? Na ji. To amma aikin ba na miliyoyi barkatai ba ne. A kwashe abin da ke ma'ajiyar gidan rediyon Muryar Sahel a zuba a kwamfuta, a bi gidaje a tattaro kaset, a zauna da tsofaffin da suka rage su faɗi wa ya kaɗa me, a wace shekara. In an sa kiɗan a rediyo, ofishin kare haƙƙin mawaƙa ya ga an biya su ko magadansu. Zaren kaset ba ya jure zafin Afrilu, masu bayanin kuma kullum raguwa suke.

Kawu ya ba ni aron nasa, da sharaɗin in maido kafin salla. Na kai wa wani yaro mai tura waƙoƙi a waya, ya jujjuya shi ya ce ba shi da abin da zai kunna shi. Yau kwana tara ke nan ina neman rediyo mai kaset da bai ci zare.